Saƙon Gida Ya Fi Ƙarfin Birki

Alƙahira

Muna sallame Asuba na ɗaura wa Fijo ɗina tirelar da na aro wurin mai gidan hayarmu, wani ɗan ɗaki mai taya biyu, irin na Turawa masu kwana a hanya. Malam Isufu, mutumin Damagaram, ya gama karatu, zan kai shi Iskandariyya ya sa littattafansa a jirgin ruwa kafin a rufe karɓar kaya da La'asar. Tuƙi kam na iya shi. Na kuma san tirelar ba ta da birkin kanta, an rubuta kilo ɗari bakwai da hamsin a jikinta, littattafan kaɗai sun kusa cike shi.

Sai ga ɗalibai masu aika saƙo gida, muka loda kayansu. Wannan da keken ɗinki na mahaifiyarsa, wancan da dardumai, wani da kwalin turare.

Na ce, “Malam, ta yi nauyi fa.”

Ya ce, “Ma'alish, yi haƙuri, Malam Habu. Idon wa zan kalla in ce ba zan kai wa uwarsa ba? Yalla, mu je.”

Banha

Da hantsi muka iso mararrabar jirgin ƙasa, an sauke ƙarfen tare hanya. Na taka birki tun daga nesa, mota ta so tsayawa, tirela ta ce ba ta san zancen ba. Haka ta yi ta ingiza mu, sai da hancin Fijo ya taɓa ƙarfen. Jirgi ya wuce a gabanmu. Na ji tsoro ƙwarai, amma sitiyari bai kuɓuce mini ba.

Na kashe mota. “Khalas, shi ke nan, Malam. Ko a rage kaya, ko nan tafiya ta ƙare.”

Ya daɗe yana kallon cikin tirelar. Keken ɗinkin bai taɓa ba, dardumai ma haka. Tafsirinsa ya sauke, da kwalayen hadisi da ya yi shekaru yana saye mujalladi-mujalladi, ya ba wani mai shayi ajiya. Ya ba ni tausayi.

Iskandariyya da komowa

Daga nan birki ya dawo yana jin magana. Muka bi ta Tanta da Damanhur, muka riski jirgin ruwan da sauran lokaci. Da za mu rabu ya riƙe hannuna ya ce, “Littattafan nan amana ne.”

Na kwaso su a Banha, na iso gida lafiya. Godiya ga Allah, da mai shayin da bai karɓi komai ba. Ga kwalayen nan sun cinye mini rabin ɗaki, kullum ina baza kunne in ji wa za shi gida, in ɗora masa.