Babban Yatsan Uwar Ƙwai

Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin binciken da ke hawa na biyu, can ƙarshen baranda, kusa da famfon da ba ya rufuwa sosai. Ba ta da digiri, ba ta taɓa tsayawa gaban allo ba, amma duk ɗalibin da ya ratsa ɗakin nan ya san Uwar Ƙwai, ya kuma san ba a taɓa mata almakashi.

Da wankin kwalabe ta fara, tana 'yar shekara goma sha tara. Wata rana tsohon ma'aikacin da ke kula da ƙwai ya gaji da sunkuyo, bayansa na ciwo, ya kira ta ta riƙe masa. Ya zuƙe kaɗan daga farin ƙwan da sirinji, ya yanka 'yar taga a ɓawon, ya ce ta leƙa madubin da ke ƙara girman abu. Ta leƙa. A kan gwaiduwar ga wani ɗan tayi da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a lanƙwashe, zuciyarsa ja tana bugawa a fili. Ta ce, "Ikon Allah!" Ta manta da ruwan da ta bari yana zuba, har ya malalo baranda aka yi mata faɗa.

Abin da ake nema a ɗakin shi ne dalilin da ya sa ake haihuwar wani yaro da cindo, wani kuma da yatsu a manne. Farfesa, mai ɗakin, yana iya yin awa biyu yana bayani. Kowane jiki daga ƙwayar halitta ɗaya ya faro, ta rabu biyu, biyu ta koma huɗu, har adadin ya wuce ƙirga. Dukansu ƙwayoyin gado iri ɗaya suke ɗauke da su, amma wannan ta zama ƙashi, waccan ta zama fata, domin kowacce ɓangarenta kawai take aiki da shi, sauran ta rufe. A ɗan tsiron da zai zama fiffiken ɗan tsako, akwai wasu 'yan ƙwayoyi a gefen baya da ke aika wa saura saƙon irin yatsan da za su zama. In aka yanko su aka dasa a gefen gaba na tsiron wani ɗan tayin, aka liƙe tagar da salatif, bayan mako guda fiffiken zai fito da yatsu shida maimakon uku. Farfesa ya san duk wannan, amma in ka ba shi allura ya dasa, sai dai ka yi asarar ƙwanka.

Uwar Ƙwai ce mai dasawa. Allurarta siririya kamar gashi, ita take wasa kayarta. Takan riƙe numfashi, ta yanka, ta ɗauka, ta ajiye, sannan ta saki numfashin. A cikin goma, takwas suna rayuwa. Idan takardar bincike ta fito, sunan Farfesa da na ɗalibansa a sama, nata kuma can ƙasa wurin godiya, da ƙananan haruffa. Ta sha cewa abin bai dame ta ba, kuma ina ganin a lokacin gaskiya take faɗa, tunda babu wanda ya iya abin da ta iya.

A gida tana da 'ya'ya maza biyu da ba sa son ko jin labarin ƙwai. Sai 'yar ƙanenta, wadda aka sa wa sunanta, ta dawo hannunta tana shekara tara saboda makaranta. Ita take kira Takwara. Uwar Ƙwai ce ta yi mata kitso, ita ta zauna da ita a asibiti lokacin da ta karye a hannu, ita ta yi ta sintiri ofis-ofis har yarinyar ta shiga jami'a. Ranar da Takwara ta dawo da digiri na biyu aka ɗauke ta gwajin aiki a ɗakin, Uwar Ƙwai ta shiga gabanta tana gabatar da ita har ga mai gadi. Saura shekara biyu ta yi ritaya, ga shi jininta zai gaje ta. Me kuma take nema?

A watan farko Uwar Ƙwai ce take buɗe ƙwan, ta miƙa wa Takwara ta dasa. Da aka duba zubin farko, tara cikin goma suka rayu. Farfesa ya kira kowa da kowa, har da masu wucewa a baranda. Ya ɗaga kwalbar da fiffiken ke ciki, guringuntsin ya rinu shuɗi, yatsu shida reras.

"Ku zo ku ga hannu!" in ji shi. "Uwar Ƙwai, ashe abin a jini yake. Wallahi ta ma fi ki sauri."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi, har da tafi. Amma wani ɗaci ya taso mata a rai. Tara! Ita da ta yi shekara huɗu kafin ta kai shida. Ga kuma abin da ba ta gaya wa kowa ba: hannunta na dama ya soma rawa. Da ido ba ka gani, amma a ƙarƙashin madubi sai ta ga bakin allurar yana kaɗawa.

Mako na gaba Farfesa ya yanke hukunci. Takwara za ta koma teburin bakin taga, mai sabon madubi, ta riƙa yin aikin tun daga ɗauko ƙwai har liƙe shi, domin wanda bai iya buɗe ƙwai da kansa ba ba zai riƙe ɗakin ba. Uwar Ƙwai kuwa ta huta, ta riƙa karɓar ƙwai daga gona, tana duba zafi da ruwan injin ƙyanƙyasa. Ta kwashe almakashinta da hantsakinta daga teburin da ta zauna shekara ashirin da shida. Tun daga ranar, in Farfesa ya leƙo ya kira sunan nan nasu, su biyu suke ɗaga kai, kuma ba ita ake nema ba.

To, akwai wani abu da Uwar Ƙwai take yi wanda ba ya cikin takardar ƙa'idojin da ke manne a bango. Ƙwai yana kwana uku da rabi a kwance cikin injin, ɗan tayin ya taso sama, sau da yawa ya manne da yanar da ke cikin ɓawon. In ka yanka taga a nan, ka yaga jijiyoyinsa, jini ya bazu a kan gwaiduwar, shi ke nan. Ta ɓata ɗaruruwan ƙwai tana budurwa kafin ta gano maganin: ka mirgina ƙwan kaɗan, rubu'in juyi, ka bar shi 'yan mintoci, ɗan tayin ya saki yanar ya taso a sabon wuri. Tana yin haka ne a tafe, tsakanin injin da tebur, babban yatsanta yana bin kiret ɗin ƙwai ɗaya bayan ɗaya, tana hira. Ba ɓoyewa ta yi ba tun asali. Yatsan ne ya saba, har ita kanta ta daina lura.

Ranar da Takwara ta buɗe ƙwanta na farko jini ya bazu, a take Uwar Ƙwai ta tuna. Maganar ta zo har bakinta. Ta dubi sabon madubin, ta dubi wuyan yarinyar a sunkuye kan teburinta, ta yi gum.

Na biyu ma ya yi jini. Na uku ya tsira. Na huɗu ya yi jini.

Wata bakwai ana haka. Takwara ta canja almakashi, ta rage zafin injin, ta ƙara, ta je har gonar ta yi wa mai kaji tambayoyi har ya fusata. Ta tuna yadda goggonta ke riƙe almakashi, ta kwaikwaya tsaf, amma daga wurin yanka take fara tunawa, ba ta taɓa kawo tafiyar nan ta taku goma a ranta ba. Shida, bakwai cikin goma suna mutuwa kafin allura ta taɓa su.

"Goggo, don Allah zo ki buɗe ɗaya in sake gani," ta ce wata safiya.

"Ai an ce in huta," in ji Uwar Ƙwai, tana zuba ruwa a injin. "Hannu ne, Takwara. Sai a hankali."

Kada kowa ya ce mini ba ta son yarinyar. Da yamma ita take matsa mata wuya da man zafi, ita take tsare ta sai ta ci abinci. Da safe kuma ta tsaya a bayanta tana kallon ja yana bazuwa a kan rawaya, ta ji wani sanyi a ƙirjinta, ta ji kunyar sanyin, ta ci gaba da kallo. Hassada ce, ta san sunanta. Kullum takan ce gobe za ta faɗa, bari dai yarinyar ta ɗanɗana kaɗan daga abin da ita ta sha. Gobe ta zo, Farfesa ya wuce ta bai ko tambaye ta kwanan gida ba, sai ta ɗaga zuwa jibi.

Farfesa ya daina ɗaga kwalba. Ya koma tsaki da girgiza kai. Ran nan ya tsaya gabanta yana sosa ƙeya.

"Uwar Ƙwai, ko za ki ɗan koma tebur? Aiki ya tsaya mana."

Abin da ta yi wata bakwai tana jira ke nan. Ta zaɓi ranar da aka aiki Takwara karɓo magungunan rini, ta zauna a bakin taga, ta buɗe ƙwai goma babu ɗigon jini. Ta ɗauki allura, ta riƙe numfashi. Bakin allurar ya kaɗa, ya yaga tsiron gida biyu. Na gaba ma haka. Uku kawai ta iya dasawa, su ma a karkace. Ta zuba sauran a bokiti ta rufe da takarda, ta ce wa Farfesa ƙwan wannan makon ba su da kyau.

A makon ne ƙanenta ya kira ta a waya. "Yaya, me ke damun 'yar taki? Ta zo mana duk ta rame, ba ta magana."

"Aiki ne," ta ce, ta yi sauri ta kawo zancen ciwon ƙafarsa.

Ranar Litinin da safe, kafin ɗalibai su iso, Takwara ta shigo da ambulan a hannu, ba ta ko saka farar rigar aiki ba. Ta zauna kan kujerar da ke kusa da injin.

"Goggo, na rubuta takardar barin aiki. An ce ana neman mai koyar da kimiyya a wata sakandare, zan gwada can."

"Ke da wa kuka yi shawarar?"

"Ni kaɗai. Ba ni da hannun nan, Goggo. Na farkon ma ashe albarkacinki na ci." Ta ɗora ambulan ɗin a kan cinyarta. "Ba barin aikin ne ya fi ci mini rai ba. Ke kika riƙo hannuna kika kawo ni, kika nuna ni ga kowa, na zo na zubar miki da mutuncin da kika yi shekara talatin kina tarawa. Ki yafe mini."

Uwar Ƙwai ta tsaya da butar ruwa a hannu. Da yarinyar zagin ta ta yi, da ta san abin da za ta ce. Ta ajiye butar. Ta buɗe injin, zafi ya bugi fuskarta, ta jawo kiret.

"Tashi ki zo nan. Kada ki kalli fuskata, kalli yatsana."

Ta taka zuwa tebur a hankali, babban yatsan yana mirgina ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Ta ajiye, ta yi bayani a taƙaice, idonta a kan kiret ɗin: yadda ɗan tayin ke mannewa, yadda yake saki, minti nawa ake jira.

Takwara ta ɗago ta dube ta.

"Tun yaushe kika san wannan?"

"Tun kafin a haife ki."

"Ranar da na ce ki zo ki buɗe in gani fa? Kin tuna da shi a ranar?"

"Na tuna."

"Wata bakwai, Goggo."

Takwara ta ajiye ambulan ɗin a gefen tebur, ta ɗauko farar rigarta ta saka, ta wanke hannu. Ta jira mintocin suka cika tana kallon agogon bango. Ta zuƙe farin, ta yanka taga, ta ɗaga ɓawon da hantsaki. Babu jini. Ɗan tayin yana kwance a tsakiya, zuciyarsa na bugawa. Ta buɗe na biyu, shi ma haka. Ta ɗauki allura, hannun bai ko kaɗa ba, ta yanko daga wannan ta dasa a wancan cikin numfashi ɗaya.

Uwar Ƙwai tana tsaye a kafaɗarta. Ba ta taɓa ganin dashe mai kyan wannan ba, har da nata na ƙuruciya, kuma ko a lokacin sai da ɗacin nan ya taso mata. Ta matso tana neman abin da za ta ce, ko da "madalla" ne.

Takwara ba ta ɗago daga madubin ba.

"Goggo, ɗan matsa. Kin tare mini haske."

Ta matsa.