Hannun Suruki a Kan Sitiyari

Har yau da nake zaune a gonata kusa da Minjibir, ban taɓa mantawa da ranar da na hango gonakin nan ta gilashin jirgin sama ba, kusa fiye da yadda ya kamata.

A shekarun tsadar rayuwa ne. Kamfaninmu ya sallami matuƙa da yawa, waɗanda suka rage ana haɗa su yadda aka samu. Ni injiniyan jirgi ne, kujerata na bayan matuƙa biyu, ina lura da injuna da mai. Ran nan Kyaftin Sule ne a hagu, Kabiru mataimakinsa a dama. An riga an sa ranar auren Kabiru da Bilkisu, 'yar Kyaftin. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya na kasuwa, abin burge ni yake yi. Har mafarkin bikin nake.

Ku da ba ku san aikin ba: sitiyari biyu ne, amma mutum ɗaya ke tuƙi. Mai karɓa sai ya furta, "Tuƙi na hannuna," ɗayan ya amsa, "Yana hannunka." Ba a karɓa da ido, ba a bayarwa da shiru.

Muna gangarowa Kano bayan la'asar, damina ta yi nisa, hadari ya rufe mu ruf. Kabiru ke tuƙi. Kyaftin na magana ta rediyo da hasumiyar filin jirgi, sai ya ɗora hannu a kan nasa sitiyarin, hutawa kawai. Kabiru ya ga hannun. Ya janye nasa a hankali ya aza kan cinya, kamar yadda saurayi ke tsame hannu daga kwano in surukinsa ya shigo. Ni kuwa kaina na kan ma'aunin mai. Da na ɗago, jirgi ya karkata, allurar tsayi na sauka.

Kabiru ya yi gyaran murya, idonsa ƙasa.

"Baba, kamar dai mun ɗan yi ƙasa."

"To gyara mana," in ji Kyaftin, bai juyo ba, bai kuma ɗauke hannun ba.

Kabiru ya miƙa hannu, ya tsaya. Yaya zai fizge abin da ke hannun uban Bilkisu? Na ce, "Wa ke tuƙi?" Ƙarar na'urar gargaɗi ta haɗiye muryata.

Sai muka faɗo ƙarƙashin hadari. Gero kore shar, rumbuna, wata mata da tulu a ka ta tsaya cak tana kallonmu. Na tuna Innata tana can cikin gidajen nan. Kyaftin ya firgita, ya damƙe sitiyari yana murɗawa hagu, Kabiru na ja dama. Jirgin ya yi ta rawa tsakaninsu.

Sai Kabiru ya daka tsawa: "Sule! Saki! Tuƙi na hannuna!"

Sunansa, gatsal, ba Baba, ba Kyaftin. Dattijon ya ɗaga hannuwa biyu sama.

"Yana hannunka."

Injuna suka yi ruri, geron ya fara nisa. Muka zagayo muka sauka lafiya. Fasinjoji ba su san komai ba sai jijjiga.

Bayan an kashe injuna ba wanda ya motsa. A raina na ce ran mutane ya tsira, aure ya mutu.

Kyaftin ya cire hularsa, ya daɗe yana juya ta.

"Kabiru, a zaurena ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ina so. Amma in an rufe ƙofar nan, sunana Sule. Da ka ƙara jin kunyata kaɗan, da Bilkisu ta rasa uba da miji rana ɗaya."

An yi biki bayan girbi. Kabiru bai yarda sun haɗa ido da Kyaftin ba har aka watse.

Abin da nake gaya wa yaran da ke shiga aikin ke nan: kunya adonmu ce, ku bar ta a bakin ƙofar ɗakin tuƙi. In kun sauko, tana nan tana jiranku.