Ranar da Na Hana Kulu

A gidanmu na Wara, kowane jika yana da ranarsa a wurin Kaka. Ba ta san kalanda ba, wata take dubawa, amma ba ta taɓa kuskure ranar haihuwar ɗayanmu ba. Idan taka ta zo, ita da kanta za ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka da bandar tarwaɗa, kan kifin kuma naka ne. Bayan magariba a zauna gaban murhu, ta fito da abin da ta yi makonni tana yi maka a ɓoye, faifai ko 'yar jakar kaba. Daga nan sai tatsuniya, wadda ta shirya dominka.

Tawa ranar bakwai ga watan ƙaramar Sallah ce. Ranar da na cika shekara takwas, jirgin 'yan kasuwa ya kife kusa da gaɓa. Cikin waɗanda aka tsamo da rai har da wata yarinya 'yar shekara biyar, ta damƙe wani yagaggen ƙyalle na zanen uwarta. Uwar ba a gan ta ba. Yarinyar sunanta kawai ta sani, Kulu, kuma ba wanda ya zo nemanta. Kaka ta goyo ta zuwa gida. Tuwona ya huce a tukunya, ba a yi mini tatsuniya ba. Na riƙe wannan a zuciyata shekara guda.

Da shekara ta zagayo, sai na ga kan kifi biyu a cikin miya.

"Kaka, na wane ne ɗayan?"

"Na Kulu ne, maigidana. Yau ne ruwa ya ba mu ita, yau ce ranarta. Ko kishi kake, tsohon banza?"

Yara suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Bayan an ci abinci ta ba ni ƙaramin kwale-kwale da ta fafe da wuƙa, har da filafilinsa. Ta ba Kulu 'yar tsana ta kara, an yi mata kitso da zare, an ɗaura mata zane. Zanen kuwa ƙyallen nan ne na uwarta, Kaka ta wanke shi ta ɗinke bakinsa da allura. Kulu ba ta cika magana ba. Ta kai 'yar tsanar hancinta ta shaƙa, ta yi murmushi. Wannan ne karon farko da na ga haƙoranta.

Na san abin da ƙyallen yake. Ina so a rubuta wannan, domin na daɗe ina cewa yarinta ce. Na sani sarai. Na fizge 'yar tsanar na jefa ta cikin murhu, na ce, "Ke ba ki da rana. Tsinto ki aka yi kamar mataccen kifi."

Kara busasshe ba ya jira. Kaka ta cusa hannu cikin wuta, abin da ta fito da shi toka ne da ƙunar yatsu. Kulu ba ta yi kuka ba, ta dai zuba wa murhun ido. Inna ta ɗauko muciya za ta dake ni, Kaka ta ce, "Bar shi. Bai ji tatsuniyarsa ba tukuna."

Ta tsoma yatsunta cikin ƙwaryar ruwa, ta ce, "Ga wata nan ta taso daga bakin ruwa."

Da ƙyar yara suka amsa, "Ta ƙaraso mu ji."

Wai wani yaro ne ya gaji da raba ranarsa da mutane. Ya je gaɓa ya roƙi Tsohuwar Ruwa ta ba shi rana tasa shi kaɗai. Ta ce ya tabbata? Ya ce ya tabbata. Da ya farka ranar, ya tarar da tuwo yana tururi, kifi cike da akushi. Ya kira uwarsa, shiru. Ya fita, babu kowa a gari, jirage suna ɗaure ba masunta, ko kaza ba ta motsi. Washegari mutane suka dawo, ba wanda ya san an yi wata rana jiya. Haka kowace shekara har ya tsufa. Ya koma ya ce ta karɓi abarta, ta ce ruwa ba ya karɓar kyautar da ya bayar.

"Nan ta nutse," in ji Kaka. "Mai iya iyo ya bi ta."

Shekarar da ta biyo, Kaka ta yi mini tuwona kamar kullum. Ta kai shi ɗaki, ta ajiye, ta sa ni ciki ni kaɗai, ta ja ƙofa. Ina jin su a tsakar gida suna cin nasu. Haka ta yi mini har ta rasu. Ta so ta zaɓa wa Kulu wata rana, Kulu ta ce ba ta so.

Na kai shekara arba'in kafin na iya zuwa neman gafara. Na same ta a wajen Shanga, inda take aure, tana juya kifi a kan wayar banda. Ta saurare ni har na gama.

"Na yafe, Yaya," ta ce. "Tun tuni."

Na ce to ta zo bana mu yi ranarmu tare, matata za ta yi tuwo. Ta shiga ɗaki ta fito da katin shaidarta ta miƙo mini. Ranar haihuwa: ɗaya ga Janairu.

"Mai rubutun ya tambaye ni, na ce ba ni da ita. Ya ce haka suke sa wa irinmu. Riƙe taka, Yaya. Ai ka sha wuya a kanta."

A da ina ɗauka tatsuniyar Kaka hukuncina ce, kuma na gama biyansa a ɗakin nan. Yanzu na lura yaron da ke cikin tatsuniyar kansa kawai ya cuta. Ni kuwa na ƙona abu ɗaya tak da wata yarinya ta fito da shi daga ruwa. Duk shekara 'ya'yana suna ajiye mini kan tarwaɗa, su zagaye ni suna jira in ci. Ina ci, don kada su tambaye ni dalili.