Abincin da Alhaji Ya Ƙi Ci

Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, ranar wata Laraba, buta ta suɓuce daga hannun kakana yana alwalar la'asar a tsakar gidansa na Gyaɗi-Gyaɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da aka sallamo shi harshensa ya yi nauyi, in ya yi magana sai dai mu yi ta zato.

Mu jikoki Alhaji muke ce masa. Tun da ya yi ritaya ba shi da wani aiki sai mu. Kullum da safe zai hau tsohon babur ɗinsa ya zaga gidajen 'ya'yansa, daga Unguwar Gano zuwa Daurawa, ya ƙare da namu a Tarauni. Sau da yawa ko sauka ba ya yi. Zai miƙo ledar ƙosai ko lemo, ya tambayi wanda ya kwana da tari, ya wuce. In ya hango ni a bakin taga da littafi sai ya ɗaga murya: "Amarya, ni dai na haƙura. Da littafin nan za a ɗaura miki aure." Ban taɓa iya rama masa ba, sai dai in ɓoye fuska.

Lokacin jami'a na yajin aiki, don haka ni aka ɗora wa jinya. Babana ya ce ni ce ba na mantuwa. Da safe in hau adaidaita sahu daga Tarauni, sai bayan magariba in koma gida ƙafafuna kamar ba nawa ba. Maganinsa sai an ci abinci ake sha, kuma yana da lokaci. Saboda haka nasa ake fara dafawa, daban, ba gishiri, ba mai. In kai masa tun kafin a ɗora babbar tukunyar gidan.

Sai ya ƙi ci. In na kai cokali bakinsa ya datse leɓe, ya dubi ƙofa, ya juya fuska bango. Da ƙyar nake samu ya kurɓi shayi don maganin ya wuce.

Kowa da nasa bayanin. Babana ya ce ba ya son ci da hagu ne, ya ɗauko limamin unguwa ya zo ya yi masa bayanin lalura. Alhaji ya saurara, ya gyaɗa kai, kwano ya koma yadda ya zo. Goggona ta ce wa zai ci wannan abu salam, ta faki ido ta zuba daddawa da ɗan yaji. Bai ko kalla ba. Baffana ya ce, "Mutumin da ya ciyar da gari guda, yau a ce 'yar jika ke ba shi a baki? Ai ko ni ba zan ci ba." Sai ya karɓi cokalin da kansa, aka yi ta fama, ya fito yana share gumi.

Ina kallo wuyan rigarsa yana ƙara faɗi. Agogonsa da muka mayar hannun hagu ya fara zamewa har gwiwar hannu. Na gwada fate, na gwada kunun gyaɗa, na canza kwano, na canza wurin zama. Na gaji har na fara jin haushinsa, in kuma koma ina jin haushin kaina. Da muka koma asibiti likita ya ce in bai fara ci ba zuwa Litinin, za a zura masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa. Alhaji ya ji. A mota hawaye ya gangaro ta ɓangaren fuskar da ba ya motsi, na sa gefen mayafina na goge.

Duk wannan ba wanda ya tambayi Inna, kakata. Ciwon gwiwa ya zaunar da ita, 'ya'yanta kuma sun ce ta huta, sun karɓe komai. Ga shi babana ɗan fari ne, in yana magana ba ta sa baki. Ni ma ban saba zama da ita ba, ba ta da yawan zance, ni kuwa na fi ta rashin magana.

Ranar Lahadi da rana na fito da kwanon, ko taɓawa ba a yi ba. Ƙananan jikokin da ke zaune a gidan suna tsakar gida suna mitar yunwa, shinkafa ba ta nuna ba. Na zauna a bakin ƙofar Inna, kwanon a cinyata. Tana tsince wake a faifai.

"'Yar boko, mijin naki ya ƙi ki ke nan?" ta ce.

"Inna, gobe za a sa masa robar."

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Don Allah me ya sa ba ya ci? Na tambayi kowa."

Ta ajiye faifan, ta dubi yaran, ta dube ni.

"Ke, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin loma ta shiga bakinsa akwai mai jin yunwa a ciki ba. Sai ya leƙa ya ga kowa ya ci ya wanke hannu, sannan ya buɗe nasa, ko ya huce. Ku kuma kun mai da shi na farko, yana jin kukan yara ta taga. Rufe kwanon nan. In an sauke, ki shimfiɗa musu tabarma a ɗakinsa su cinye yana gani, sannan ki miƙa masa."