Tsarabar Teku da Yayen Ɗiyata

Shekarar da sabulu ya ɓace daga kasuwar Bodinga, ita ce shekarar da taubashiyata ta dawo daga yawon teku.

Ɗiyar kawuna ce. Tare munka tashi a Shagari, tare anka sa mu firamare. Ni anka cire ni a aji uku, ita ta ƙarasa. Na auri tela a Bodinga, ita kuwa wani ɗan siyasa mai takardar shigo da shinkafa ya aure ta, ya ɗauke ta sai Ikko. Zamanin farar hula ne, rediyo na ta cewa kowa ya tsuke bakin aljihu. Keken maigidana yakan wuni a lulluɓe, don mutane sun daina ɗinka sabo, sai faci. Madara da sukari sai wanda ya san wani. Ni kuma ina goyon ɗiyata ta fari, ta kusa yaye, kullum ina taɓa wuyanta in ji ko da zazzaɓi.

Da hantsi motarta ta tsaya ƙofar gidanmu. Ta shigo, ƙamshinta ya riga ta, ta gaida surukata har ƙasa, sannan ta juyo ta dubi ƙafafuna.

"Baiwata, har yanzu kina nan kina kiwon kaushi?"

Na ce ai gara ni, ita ta yi baƙi kamar gindin tukunya, ashe masu kuɗi har biya suke yi a ƙona su. Matan gida sunka yi dariya. Haka muke tun muna yara, taubasai ba su jin haushin juna. Amma da na zauna, na ja zane na rufe dugadugaina.

Ta fiddo hotuna. Ta ce wani abokin cinikin maigidanta ne ya ɗauki hayar jirgin ruwa, ba na kaya ba, na hutawa kawai, fari fat, ya gayyace su da matansu. Sai da sunka hau jirgin sama biyu kafin su kai inda yake. A cikinsa akwai ɗakuna da gado da firji da wurin wanka. A kwanta gaban wannan tsibiri, a farka gaban wani. Rairayi fari kamar gishiri, itatuwan kwakwa sun sunkuyo bisa ruwa, ruwan kuma ana ganin ƙasansa, kifaye na yawo masu launi kamar atamfa. Ta ce babu abin da take yi sai kwanciya, maza masu fararen kaya su kawo gasasshen kifi, su kwashe kwano. Wahalarta ɗaya ita ce alƙibla: ta tada salla tana duban gabas, kafin ta sallame jirgi ya juya.

Surukata ta ce Allah mai iko. Ni rijiyarmu na tuna. Da safen nan sai da na zura guga har igiya ta ƙare kafin in sami rabin tulu mai laka.

Hoto ɗaya na riƙe na daɗe. Tana zaune bakin jirgin da faffaɗar hula, ta saki ƙafafu, lallen ƙafarta ja wur, dugaduganta sumul kamar na jariri. Ƙafar nan na san ta, tare munka taka ƙaya da ita a hanyar Lambara. Sai kuma idona ya kai ga shingen jirgin. Ba bango ba ne, wayoyi ne sirara, tsakaninsu akuya ma ta wuce.

Tsarabata sabulu ne ƙarami cikin takarda mai hoton jirgi. Ta ce kullum sai an sa sabo a ɗaki, wanda anka taɓa sau ɗaya a zubar. Na tambaya a zubar ina. Ta ce oho, ita dai ta tara waɗanda ba a buɗe ba don talakawanta.

Ɗiyata kuma ta ba ta katantanwar teku, babba, cikinta ja-ja. Ta kara mata a kunne. Yarinyar da ba ta yarda da kowa ta buɗe ido, ta yi shiru, sannan ta ƙyalƙyale da dariya ta haye cinyarta. Taubashiyata ta daɗe da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Na ga yadda ta sa hanci cikin gashin yarinyar ta rufe ido.

Ba ni ta tambaya ba, surukata ta duba.

"Goggo, in an tashi yaye, ni za a ba. In tahi da ita Ikko in riƙe. Baɗi ma za mu koma jirgin, har da ita."

Surukata ta ce ai ɗiyarta ce, wa zai hana. Sunka juyo gare ni suna murmushi, don kowa ya san amsar. A wurinmu uwa ba ta da baki a kan ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in an ce ana so sai ta nuna ko a jikinta. Na faɗi abin da ake faɗi. Na ce su ɗauka, dama ta ishe ni.

Da na sami maigidana shi kaɗai na ɗan taɓo maganar. Shi ma ɗiyar farinsa ce. Ya duƙa yana gyaran zaren da bai tsinke ba, ya ce wannan zancen mata ne. Can ya ƙara da cewa aƙalla a can za ta sha madara.

Anka karɓo rubutu wurin malam, anka shafa mini maɗaci a nono, anka kai yarinyar gidan kawu a Shagari inda taubashiyata ta sauka. Daga can za su wuce Ikko in maigidanta ya gama zagayen siyasarsa.

Kwanakin nan ban san me ya fi ci na ba. Nono ya cika ya yi tauri, in zagaya bayan ɗaki in tatse a ƙasa, kada ya ƙafe, ban kuma gaya wa kowa ina yi ba. In dawo in ɗauko hoton da ta bar mini. Wani lokaci in ga ɗiyata ta rarrafa ta bi ta tsakanin wayoyin nan, babu wanda ya lura, kowa na cin kifi. Wani lokaci kuma ni nake gani zaune a wurin, da hular, wani na kawo mini abinci, ba surfe ba daka. In shinshina sabulun ta cikin takardarsa in mayar ƙasan kwalla. Me ta fi ni? Aji uku ne kawai tsakaninmu. Ta sami Ikko, ta sami teku, yanzu abu ɗaya da nake da shi wanda ba ta da shi, shi ma na miƙa mata da bakina.

Ranar kasuwar Shagari na ce wa surukata zan kai wa wata mata ɗinkinta. Ta dube ni, ta dubi ƙullin, ta ce in gaida mutan gidan.

Na iske su a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, matar kawu da maƙwabta da taubashiyata. Yarinyar na bisa cinyarta cikin farar riga mai shuɗin wuya irin ta ma'aikatan jirgi. An yi mata kitso, an sa mata takalmi. Kumatunta har sun ɗan ciko, wannan ban iya musunsa ba. Tana riƙe da kofin madara da hannu biyu. Ta dube ni kamar ta taɓa ganina wani wuri, sai ta juya ta cusa fuska a ƙirjin taubashiyata ta ce Mami, irin kiran mutanen Ikko.

Taubashiyata ta ce mata kada ta ji tsoro, baiwarsu ce ta zo gaisuwa. Anka yi dariya, ni ma na yi. Na zauna na gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, na tambayi gajiya, na tambayi ruwa, ban dubi inda take ba, yadda ya kamata. Amma gaban rigata ya jiƙe, ina jin nonon yana bin cikina.

Katantanwar ce ta suɓuce ta gangaro kusa da ƙafata. Yarinyar ta sauko ta biyo ta. Da ta duƙa za ta ɗauka sai ta tsaya, ta ɗaga kai, hancinta na motsi. Ban tashi na shiga ɗaki ba, ban ko juya baya ba. Na ɗauke ta na ɗaga riga na ba ta.

Tsakar gidan ta yi tsit, sai ƙarar haɗiyarta.

"Ke," in ji matar kawu, "ɗiyar fari ce fa. A gabanmu?"

Wata maƙwabciya ta ce na warware yaye, sai an sake sabon rubutu, kuma nonon da ya kwana zai ɓata mata ciki. Wata ta ce 'yan yanzu ba su da ta ido. Duk ina ji. Kowa a wurin ya san yaron da ke shan nono ba ya tafiya Ikko ya bar uwarsa.

Taubashiyata ba ta yi tsiya ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta ɗauki kofin madarar ta riƙe a cinya. Sai da matan sunka watse ta matso.

"Da kin ce ba ki so."

"Wa zan ce wa?"

"Ni mana. Ni taubashiyarki ce, ba surukarki ba. Kin iya ce mini gindin tukunya, wanga ne ba ki iya faɗi ba?"

Ita ta ɗora mini yarinyar a baya, ta gyara mata wuya, ta cusa katantanwar cikin majanyi. Rigar ma ta ce a bar mata.

A Bodinga surukata ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya. Matan unguwa sunka sa mini suna Mai Ɗiya, har yau akwai masu kirana haka. Yarinyar ta yi zawo, na yi ta zarya asibiti ina cewa na kashe ta da hannuna, sai ta warke. Kumatun sunka koma yadda suke. Da soja sunka karɓi mulki na ji an tsare maigidan taubashiyata, na ɗauka zan ji sanyi, ban ji ba. An sake shi ma daga baya, gidansu na nan. Ta ɗauki ɗiyar ƙanen mijinta ta riƙe, wannan yarinyar ta ga ƙasashe. Tawa a Sifawa take aure, ruwan da ta sani bai wuce tafki ba. Wani lokaci in na ga tana jan guga nakan kau da kai.

Yaye na biyu ɗakin surukata anka kai ta, tsallaken tsakar gida, inda nake jin kukanta. Ranar na buɗe sabulun jirgin na yi mata wanka. Bai yi kumfa sosai da ruwan rijiyarmu ba, amma ƙamshinsa ya wuni a wuyanta. Ragowar na wanke ƙafafuna da shi, na daɗe ina gurzawa.