Gahawar Alhaji Sada da kunnen mai faci

Shekara takwas ke nan da rasuwar Alhaji Sada mai gahawa na Ƙofar Marusa, Allah ya jiƙan shi, kuma sai yau zan faɗi abin da na ɓoye mashi. Shekara ashirin da shida rumfata ta gyaran keke tana jingine da tashi, kullum da hantsi yana miƙo mani finjali ɗaya, ni kuwa ban taɓa haɗiye ko kurɓi ba bayan ranar farko. Ranar na ɗanɗana, ɗacin ya hau mani har ƙwaƙwalwa. Maimakon in yi shiru sai na ce ban taɓa shan abu mai daɗi haka ba. Bakina ya ja mani. Tun daga nan in ya juya baya sai in tuttule ta cikin bahon da nake tsoma robar taya in gano inda ta huje, in lashe leɓe, in ce madalla. Masu kekuna suna ganin ruwan ya yi baƙi suna cewa Mamman ƙazami ne. Na haƙura da sunan.

Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban ƙarasa ba, don haka inda rubutun ya karkace ku gyara a zuciyarku.

Alhaji Sada a Sudan ya koyi gahawa. Yana saurayi ya tafi aikin hajji ta ƙasa, a hanyar dawowa ya tsaya can shekara huɗu yana aiki wajen wani mai sayar da ita. Ya dawo Katsina da kasko na ƙarfe, da ƙaramin turmi, da taurin kai. Garin masu shayi da fura ne, shi kuwa ya kafa kurfoti yana soya wasu 'ya'ya masu kama da wake, hayaƙi yana tashi, mutane suna tambaya ko magani ne. Masu shanta ba su da yawa. Akwai malamai biyu masu son idonsu ya tsaya a kan littafi, da direbobin hanyar Jibiya, da wasu tsofaffin da suka zauna Makka. Bai taɓa rubuta yadda yake yi ba. Bai koya wa kowa ba, don babu wanda ya tambaya.

Cikin 'ya'yan shi akwai Rabi, auta. Tana makarantar sakandare ya rasu. Ta yi karatu a Abuja, ta yi aiki a irin shagunan nan da ba su sayar da komai sai gahawa, bara ta dawo gida ta buɗe nata. Ranar da ta aiko a kira ni na sa babbar riga, don na zaci ɗaurin aure ne.

Na shiga shagon na rasa inda zan ajiye kaina. Sanyi kamar cikin firji. Buhuna a jere, kowanne da takarda, wannan daga Habasha, wancan daga tsaunin Mambila. Ana auna 'ya'yan a sikeli kamar zinariya. Matasa suna zaune kowa da kwamfuta, a kawo masu kofi an zana ganye da madara a sama, sai sun ɗauki hoto kafin su sha. Wani har ƙanƙara ya sa a jefa mashi ciki. Na ji wata yarinya tana cewa tata tana da ɗanɗanon lemo. Na ce a raina, da Alhaji Sada yana nan da ya tambaye ta me ya hana ta sayen lemon. Amma na san shi. Da ya gama gori zai zagaya bayan gilashi inda injin suya yake, ya tsuguna yana kallon shi har la'asar, yana lissafin shekarun da ya yi yana juya kasko da hannu.

Muka gaisa da Rabi, ta tambayi iyali da ƙafata mai ciwo, sannan ta faɗi buƙatarta.

"Baba Mamman, gahawar Alhaji nake son in dawo da ita, in sa sunan shi a jikin leda. Ni bai taɓa bari na sha ba, wai ba ta yara ba ce. Duk 'yan majalisarku sun rasu, kai kaɗai ka rage da ka san ɗanɗanonta."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na gyara hula na ce, "Ɗiyata, ko ido rufe na san ta."

Ta jera mani finjali uku. Na ɗaga kowanne, na shinshina, na jiƙa leɓe, na ɗaga kai sama kamar mai duban wata. Duk ɗaci ɗaya na ji, sai dai wata ta haɗa da tsami. Na nuna ta tsakiya, don kawai tana tsakiya. Rabi ta riƙe finjalin da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa, ta ce ranar Asabar za ta kai a buga sunan.

Na koma gida ina juya maganar a raina. Ƙaryar da na yi wa uban tsakanina da shi ce, ba ta cuci kowa ba sai bahona. Wannan kuwa za a buga ta a leda, mutanen da ba su taɓa ganin shi ba su sha su ce haka Sada yake yi, abin shi na gaske ya bi shi kabari. Washegari da hantsi na koma.

Na same ta bayan gilashi ta zuba 'ya'yan gahawa a inji yana juyawa. Na tsaya na faɗa mata komai, har bahon. Ta dube ni.

"Shekara ashirin da shida, Baba?"

"Ban da ranakun Juma'a," na ce. "Ba ya buɗewa."

Ba ta yi dariya ba. Ni kuwa in na ji kunya surutu nake ƙarawa, sai na shiga ba ta labarin wani direba da ya taɓa shan finjali biyar. Ina tsakiyar labarin na ji 'ya'yan sun fara fashewa a cikin injin, ƙas ƙas kamar gugguru. Ba a daɗe ba ta duba allon kwamfuta ta kai hannu za ta juye. Ban san lokacin da na ce mata ta dakata ba.

Abin da ya faru shi ne, duk shekarun nan ni ne mai surutu a majalisa, Alhaji Sada yana suya. Fashewar farko ba ta damun shi, ina zuba yana juya kasko. Sai ta lafa, a yi ɗan shiru. Daga nan wata ƙarar ke tasowa, siririya, kamar an sa wa busasshen kara wuta. Tana farawa yake ɗaga yatsa, ya ce, "Mamman, rufe mani baki." Ya saurara kamar numfashi uku, ya sauke kasko, ya juye a faifai yana fifita. Kullum a daidai wurin yake katse mani labari, kullum ina jin haushi. Ashe haushin nan ya zauna mani a kunne.

Na gaya wa Rabi. Ta ce su a wajen aikinsu ba su cika bari ta kai can ba, wai ɗanɗanon ƙasar da aka noma ta yana ɓacewa. Na ce ni ban san ƙasa ba, na san dai inda ake cewa in yi shiru. Ta kashe waƙar da ke tashi a shagon. Suyar farko na makara, ta ƙone, hayaƙi ya kori mutum biyu. Ta biyu na yi gaggawa. A ta uku na rufe ido, na ci gaba da labarin direban a zuciyata, ƙarar tana tasowa yatsana ya ɗaga da kanshi. Ta juye. 'Ya'yan suka fito baƙi-baƙi suna ɗan sheƙi. Na tuna kuma yana jefa busasshiyar citta a turmi ya daka su tare, don atishawar da take sa ni. Ta kawo turmi, ta bar injin niƙa.

Ko mun dace, ni ba ni da bakin faɗa, ita ma haka. Saura mutum ɗaya, Hajiya Indo, uwarta, wadda ba ta taɓa taka shagon ba. Ita ma ba mashayiyar gahawa ba ce, amma shekara arba'in tana wanke rigunan mai suyar.

A hanya cikin keke mai ƙafa uku na yi ta tunanin abin da ya rage na Alhaji Sada. Rumfar an rushe, shagon cajin waya ne yanzu. Kaskon ya ɓace a rabon kaya. Masu shanta sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya yi shekaru yana gyarawa bai sauka a hannun malami ko ɗan kasuwa ba, sai a kunnen mai faci wanda ya ƙi sha. Yanzu ya koma hannun ɗiyar shi, ta rubuta shi da mintoci da lambobin zafi, yadda ko na mutu gobe ba a rasa ba. Ina jin da ya gani zai ce lambobin banza ne, sannan ya faki idonta ya leƙa takardar.

Muka iske Hajiya a tsakar gida tana tsinke zogale. Muka gaisa, ta tambaye ni ko har yanzu ina damun mutane da surutu. Rabi ta ɗora butar gahawa a gawayi. Da ta tafasa ƙamshin ya cika gidan, hannun Hajiya ya tsaya a cikin tire. Rabi ta miƙa mata finjali, ba ta karɓa ba. Ta daɗe tana kallon ƙofar zaure, sannan ta juyo gare ni.

"Malam Mamman, da ƙyar na saba da gidan nan haka. Yanzu kun dawo mani da ƙamshin, to ina mai shi?"