Ranar da Na Faɗi Sunan Mai Gidana

Shekarar da muka dawo daga Makka, damina biyu bayan farin da ya cinye mana shanu, jirginmu ya sauka Yamai da hantsi. Na ɗauka mun iso ke nan. Ashe sauka daban, fita daban.

Aka kora mu wani ɗaki mai faɗi, maza gefe, mata gefe. Jagoranmu, wani ɗan kasuwa na Magarya, tun cikin jirgi ya tattara faspor ɗinmu ya ɗaure da ƙyalle, ya kai wa 'yan sanda a dunƙule. Su kuwa suna bayan tebur, su kira suna, su dubi hoto, su dubi fuska, su buga tambari. Daga nan sai wajen 'yan duwan masu binciken kaya, a buɗe akwati, a zazzage dabino da tasbaha, a ja masa alli. Abin da ban gane ba har yau, ƙasarmu ce, ko wata biyu ba mu yi da barinta ba, don me sai an tambaye mu ko mu ne?

Da maza aka fara. Mai gidana ya wuce kafin azahar, ya ja akwatinmu ya fita. Mu muka zube a ƙasa. Wannan ta ce layi ake bi, waccan ta ce babu layi. Sau uku muna miƙewa ana ce mana mu zauna. Ni dai idona na kan teburin, ina kallon tulin takardun yana raguwa.

Da aka kira sunana, mu biyu muka tashi: ni da wata tsohuwa 'yar Waca. Suna ɗaya, sunan uba ɗaya, kuma dukanmu Dungas aka rubuta mana a wurin garin haihuwa. Ɗan sandan ya jera faspor biyu gabansa. Hotunan, kowace ta ja mayafi har gira, ga shi zamzam ya tsiyaye cikin jakar jagora ya jiƙa su. Ya dube mu, ya dubi takarda, ya yi tsaki.

"Hajiya, ina sunan mijinki?"

Na ce, "Alhaji."

"Duk ɗakin nan Alhaji ne. Sunansa na yanka."

Na dubi 'yar Waca, ta dubi silifas ɗinta. Mu ba a koya mana haka ba. Shekara talatin da wani abu ina gidan mutumin nan, sunansa bai taɓa hawa harshena ba. Ko yaron maƙwabta ne mai sunan, laƙabi nake ba shi.

Na ce, "Ɗana, ba yana rubuce gabanka ba? Karanta, in nawa ne in ɗaga kai."

"Kai kowa na iya ɗagawa, Inna. To, sunan ɗanki na fari?"

'Yar Waca ta ce, "La'ilaha! Yaron nan ba shi da uwa ne?"

Ya ture takardunmu gefe, ya kira na gaba.

Muka koma muka zauna. Ta ce mini, "Ke ce ƙarama, faɗa." Na ce, "Ke ce babba, kunyarki ta tsufa." Ta juya mini baya. Ɗakin ya yi ta raguwa, har mai shara ya fara zagaye ƙafafunmu. Aka yi la'asar. Jagora ya leƙo daga ƙofa, don an hana wanda ya fita komowa, ya ɗaga murya ya ce kar ɗin Damagaram, babbar motar da za ta kai mu, ya cika, direba ba zai ƙara jira ba, wadda ba ta fito ba sai ta biyo daga baya. Biyo wa? Ban san kowa a Yamai ba, ban jin Zabarmanci, ban san ma ta ina gabas take ba. Gidana na Guci, tafiyar kwana biyu.

Na tashi na je teburin. Na sunkuya na faɗi sunan mai gidana a hankali.

"Ban ji ba."

Na sake.

"Hajiya, fanka na ƙara. Ɗaga murya."

Sai na faɗa yadda ake kiran mai noma daga ƙarshen gona. Ɗakin da babu kowa ya amsa mini. Ta ƙofar da jagora ya bari a buɗe na hango mai gidana tsaye bakin mota ya waiwayo, ya duba dama, ya duba hagu.

Tambari ya sauka. Ɗayan faspor ɗin aka miƙa wa 'yar Waca ba tare da ta ce uffan ba. Wajen 'yan duwan ta dafa ni ta ce, "Allah ya saka miki, kin ɗauke mini." Har muka rabu a Magarya ban sake yi mata magana ba.

Mun bar gari kaɗan mai gidana ya juyo daga kujerar gaba.

"Ɗazu wata ta kira ni a cikin ɗakin nan. Da sunana. Ban gane muryar ba."

Na gyara mayafina na ce, "Jama'a da yawa, Alhaji."

Ya mai da fuskarsa gaba, ya ce, "Haka ne."

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Bai sake tayar da zancen ba, ni kuma ban san ko ya gane ba.